Ƙwaron da ke cikin ƙaro ba abokin gabar imani ba ne



Wasu masu wa'azin intanet sun ɗauki ɗabi'ar ƙaryata duk abin da bai zo a karatunsu ba. An nuna musu ƙwaro cikin daskararren ƙaro daga kwarin Hukawng na Miyanma, mai shekara wajen miliyan 99, har da garin fure manne a jikinsa, sai suka ce makircin Turawa ne. Subhanallah! Wace aya ce ta ƙayyade shekarun duniya? Lissafin nan na shekara dubu shida, wani babban limamin coci ne, James Ussher, ya fitar da shi a 1650. Ba hadisi ba ne.

Yaro ma ya san yadda ƙaron hano ke kama tururuwa. Irinsa ne ƙasa ta binne, zamani ya sandarar da shi. A Wurno da Dange ma ana tono burbushin halittun teku, inda yau sai tsandauri. Aya ta 20 ta Suratul Ankabut kuwa umarni ce da duba yadda halitta ta fara.

To, ɗalibin da kuka tilasta wa zaɓi tsakanin ajin kimiyya da masallaci, in ya bar masallacin, wa za a tuhuma gobe Ƙiyama?