Hawa Abdi, likitar ƙauye

A nan Damargu, in haihuwa ta zo da gardama, kowa ya san wahalar. A nemi amalanke, a nemi mota, a kama hanyar Tanut ko Balbeji. In abin ya fi ƙarfin likitocin can, sai Damagaram. Wani lokaci kafin a tashi ma sai an sha fama da maigida, wai namiji ba zai duba matarsa ba. To, mun ji. Amma ina likita mace za ta fito, in shi ɗin ne ya fid da ɗiyarsa daga lakwal?

Ku ji labarin wata mata Musulma, 'yar ƙasar Somaliya, can gabashin Afirka. Sunanta Hawa Abdi. An haife ta a birnin Mogadishu a 1947. Tana da shekara 12 uwarta ta rasu da ciwon mata. Aka yi mata aure tana ƙarama, auren bai daɗe ba. Wata da shi ke nan, karatu ya ƙare. Ita kuwa ta ci gaba. A 1964 ta samu tallafin karatu zuwa Tarayyar Sobiyet, ta koyi aikin likita a birnin Kiyef. Ta gama a 1971, ta komo gida.

Da ta so, sai ta yi zamanta a birni. Amma a 1983 ta buɗe ɗakin shan magani a gonar gidansu, kan hanyar Afgoye. Ɗaki ɗaya tak! Matan karkara suna zuwa haihuwa, don ga mace irinsu mai jin harshensu, wadda ba su jin kunyar gaya mata abin da ke damunsu. A ganina wannan shi ne babban aikinta, ya fi duk yabon da ta samu daga baya.

A 1991 yaƙi ya ɓarke a Somaliya. Mutane suka gudo gonarta, ba ta kore su ba. Ɗakin nan ya zama asibiti mai gado 400, jama'ar da suka zauna kewaye da shi suka kai 90,000. Ta kafa musu doka biyu: ba maganar ƙabila, kuma ba mai dukan matarsa. A 2010 'yan bindiga suka faɗa wa asibitin, suka tsare ta. Da suka sake ta, ta ce sai sun rubuta takardar neman gafara. Suka rubuta. Ta rasu a 2020. Ɗiyanta mata biyu, Deko da Amina, su ma likitoci ne.

Wani zai ce, ai mu ba mu da halin aika yaro ƙasar waje. Ba sai an je waje ba: jami'ar Damagaram tana da sashen koyon aikin likita. Sai dai hanyar da tsawo. Firamare shekara 6, kwaleji 4, lise 3, shekara 13 ke nan kafin yarinya ta taka ƙofar jami'a. Inda ta fi yin tuntuɓe shi ne barin ƙauye zuwa kwaleji, don uwaye suna tsoron inda za ta kwana. Tsoron nan gaskiya ne, ban raina shi ba. Wanda ke da 'yar uwa ko gwaggo a Tanut ko Balbeji, ya fara yi mata maganar masauki tun da damina, kafin a buɗe lakwal a watan Oktoba.