KATIN ASIBITI AMANA CE

Tun da dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, mai rajista a Kurmin Mashi ba suna da shekaru kaɗai zai bayar ba, har lambar NIN ake nema. Wasu 'yan uwa sukan ɓoye unguwarsu don tsoro. Wannan kuskure ne. Irin alƙaluman nan na taimakawa wajen tsara ayyukan lafiya a unguwa, mai ƙarya maƙwabcinsa ya cuta.

Amma hukuma ma da nata nauyin. Dokar Lafiya ta 2014 ta hana tona sirrin majinyaci, ta 2023 kuma ta ba shi haƙƙin sanin abin da ake yi da bayanansa. Don haka ɗan uwa ya faɗi gaskiya, sannan ya tambayi wanda zai gani. Allah Ya sa mu dace.