Ɗan Ƙwaya Ɗan Uwanmu Ne, Mari Ba Zai Warkar Da Shi Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan uwa matasa, duk wanda ya san bayan tashoshin motarmu da bakin kududdufai da kangayen unguwanninmu, a Kano ne ko Kaduna ko Zariya ko Sakkwato, ya san bala'in da ya faɗa wa wannan al'umma. Samari ne sa'o'inmu, waɗanda muka yi makarantar allo tare da su, yau ga su nan zube, wani da tsumman sholisho a hanci, wani ya haɗiye tramol yana layi, wani kuwa har ya fara surutu shi kaɗai yana tsince-tsince a juji. Tambayar da ke gabanmu ita ce, mene ne haƙƙinsu a kanmu, kuma ta wace hanya za mu sauke shi?

Bari mu fara da girman al'amarin. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon shekarar 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a Nijeriya cikin shekara guda. Miliyan 10.6 masu shan wiwi ne, miliyan 4.6 masu haɗiyar tramol da dangoginsa, miliyan 2.4 kuma masu kwankwaɗar maganin tari irin su kodin. A jihar Kano kaɗai adadin ya haura miliyan ɗaya. Cikin kowane mashaya huɗu, ɗaya mace ce. Sannan kusan miliyan 3 daga cikinsu abin ya riga ya zame musu ciwo, wato ko sun so su daina jikinsu ba zai bari ba sai da taimako.

Waɗannan ƙwayoyi kuwa ba daga sama suka faɗo ba. A shekarar 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalabar kodin miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa, amma sai da BBC ta tona asirin cinikin a 2018, sannan aka hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Tramol da likita ke rubutawa mai ƙarfin 50 ne ko 100, amma wanda ake fasa-ƙwaurinsa ta tashoshin jiragen ruwa mai ƙarfin 225 ne. A 2025 kuma aka sake bankaɗo wani kamfani a Indiya yana haɗa wata muguwar ƙwaya musamman don kasuwannin Afirka ta Yamma. Manyan attajirai ne ke shigo da kaya cike da kwantena, 'yan siyasa ne ke raba wa 'yan jagaliya ƙwaya ranar gangami, amma wanda ake aske wa kai a nuna wa 'yan jarida shi ne ɗan talakan da aka kama da ƙulli biyu na wiwi. Wannan zalunci ne, kuma wajibi ne a faɗa.

To, abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, shaye-shaye da taɓin hankali Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Wani ƙwayar ce ke kai shi ga ciwon, domin likitoci sun tabbatar yawan shan wiwi tun ana yaro yana ƙara haɗarin zautuwa, tramol mai yawa kuma yana jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya. Wani kuwa ciwon ne ya riga ƙwayar zuwa. Yaron da aka kashe mahaifinsa a gabansa a ƙauyen Zamfara ko Borno, ba ya barci, da ya rufe ido sai ya ga abin ya dawo sabo, shi ne abokai za su miƙa wa ƙwayar barci da sunan taimako. Wanda ya gama karatu shekara biyar babu aikin yi, baƙin ciki ya danne shi har ba ya son fitowa daga ɗaki, shi ma haka. Idan ka raba irin wannan da ƙwaya ka bar masa ciwon da ke cin ransa, ai kashe maciji ka yi ba ka sare kansa ba.

Yanzu dubi yadda ake yi da irin wannan yaro a garuruwanmu. Ƙofa uku ce, kuma babu wadda ta san abin da 'yar uwarta ke ciki. Ta farko ofishin 'yan sanda ko na hukumar NDLEA da aka kafa tun 1989. A tsare shi, wani lokaci a kai shi kurkuku, ya fito ya fi da ƙwarewa. Ta biyu gidan mari. Iyaye sun gaji, kunya ta ishe su, sai su ɗauke shi da dare su miƙa shi inda za a sa masa ƙarfe a ƙafa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu a ɗaure, jikinsu duk tabon duka, kuma cikin makonni kaɗan aka buɗe irin waɗannan gidaje a Daura da Katsina da Zariya. Ta uku asibitin ƙwaƙwalwa, irin na Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. Nan ma sai abu ya lalace ake zuwa, domin mutane na ganin duk wanda ya taka ƙofar ya zama mahaukaci har abada, ba shi ba aure. Ga tsadar magani, ga ƙarancin ma'aikata, don likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. In an sallame shi, sai ya koma majalisar da ya baro, babu sana'a, babu mai bibiyarsa, bayan wata biyu a koma gidan jiya.

A kan takarda gwamnati ta san abin da ya dace. Tun 1991 aka rubuta cewa a shigar da kula da lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitoci na unguwa. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da muka gada daga Turawan mulkin mallaka. Amma ɗan uwa, shiga asibitin sha-ka-tafi na unguwarku ka tambayi wa ke duba mai ciwon damuwa, ka ji amsar da za a ba ka.

Abin takaici shi ne Musulmi sun daɗe da shiga wannan fage. Malamanmu sun karantar da mu cewa Shari'a ta zo ne don kare abubuwa biyar: addini da rai da hankali da nasaba da dukiya. Hankali na cikinsu, kuma da shi ake ɗora wa mutum salla da azumi. Asibitin da Ahmad ibn Ɗulun ya gina a Masar wajen shekarar 872 Miladiyya yana da sashen masu taɓin hankali, haka ma babban asibitin Mansuri da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284, kuma da dukiyar waƙafi ake kula da su kyauta. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi sukutum a kan lafiyar jiki da ta rai, ya yi bayanin baƙin ciki da tsoro da waswasi a matsayin cututtukan da ake yi wa magani. Ko a nan ƙasar, a 1954 Dakta Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta, inda majinyaci ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan uwansa, yana zuwa asibiti karɓar magani, yana rayuwa cikin jama'a. To me zai hana mu, da muke da masallaci a kowane lungu?

Wani zai ce, wannan ai sassauta wa masu saɓo ne. Sam. Duk abin da ke gusar da hankali haramun ne, babu malamin da ya yi saɓani a kai, kuma dillalin da ke cin abinci da lalata 'ya'yan mutane ya cancanci hukunci mai tsanani. Amma mu tuna yadda Allah Ya haramta giya daki-daki, sai da imani ya zauna a zukata sannan hani na ƙarshe ya sauka a cikin Suratul Ma'ida. Mu tuna sahabin nan da Imam Bukhari ya kawo labarinsa, wanda aka sha kawowa gaban Manzon Allah (SAW) saboda shan giya, har wani ya la'ance shi, Manzo ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da ManzonSa. An hukunta shi, amma ba a kore shi daga sahu ba.

Wani kuma zai ce, ai aljanu ne, ruƙiyya ce maganinsa. Alƙur'ani waraka ne, babu Musulmin da ke shakka. Sai dai Annabin da ya koyar da ruƙiyya shi ne ya yi umurni da neman magani. Mai ruƙiyya na gari shi ne wanda zai ga yaro yana rawar jiki da gumi da gudawa saboda yanke tramol, ko yana shiɗewa saboda yanke ƙwayar barci farat ɗaya, ya san wannan aikin likita ne, ya tura shi asibiti, ya bi shi da addu'a. Yanke wasu ƙwayoyin ba tare da kulawar likita ba yana iya kisa. Bulala ba ta fitar da wannan.

Saboda haka abin da muke kira gare shi shi ne a haɗa ƙofofin nan su zama ɗaya, kuma ku matasa ne za ku fara. Kowace da'ira ta ware 'yan uwa uku ko huɗu masu haƙuri da riƙon sirri, su nemi ma'aikatan lafiya da ke cikinmu su koya musu alamomin ciwon damuwa da zautuwa da na yanke ƙwaya. Su san asibitin ƙwaƙwalwa mafi kusa da ranakun da likita ke zama. Idan iyaye suka kawo kuka, a raka su can kafin tunanin gidan mari ya zo musu. A buɗe asusu daga zakka da sadakar Juma'a don sayen magani, domin majinyata da yawa suna komawa ruwa ne ranar da kuɗin magani ya ƙare. Wanda aka sallamo daga asibiti ko kurkuku a haɗa shi da ɗan uwa guda da zai riƙa tashinsa Asuba, a nema masa gurbi wajen kafinta ko tela ko mai gyaran waya. In ya sake zamewa a sake ɗaga shi, don wannan ciwo yakan yi kome kamar hawan jini da ciwon suga.

Sannan rigakafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A makarantun Islamiyya da na dare a riƙa gaya wa yara 'yan shekara 10 zuwa 15 gaskiyar abin da sholisho da sukudai da tramol ke yi wa ƙwaƙwalwa, da sunayensu, ba da habaici ba. A je tashoshi a zauna da 'yan acaɓa da 'yan adaidaita da leburori, waɗanda ke shan ƙwaya don su jure wahalar aiki. A bar wa 'yan uwa mata sashensu, don akwai matan aure da 'yan mata da ke fama a ɓoye cikin ɗakuna. Liman kuma ya daina kiran majinyaci mahaukaci a kan mumbari. Masu kemis da ke cikinmu su ji tsoron Allah, kada su sayar da abin da likita bai rubuta ba. Ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a a tambaye shi a bainar jama'a ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa nawa zai kawo ƙaramar hukumarku.

Ya ɗan uwa, idan kai ne ke fama da wannan a ɓoye, ka sani ƙofar tuba a buɗe take, zuwa asibiti kuma ba abin kunya ba ne. Nemi wanda ka amince da shi ka faɗa masa tun yau. Idan kuwa Allah Ya tsare ka, to ba wayonka ba ne, kuma godiyar wannan ni'ima ita ce ka kamo hannun wanda ya faɗi.

Allah Ya shiryi matasanmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tona asirin masu cin riba da hankalin 'ya'yan Musulmi. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.