A Cire Filogi Ranar Kare Furojet

'Yan uwana ɗalibai, musamman mu na sashen kwamfuta da muke shekarar ƙarshe, ina da shawara wadda na san da yawa ba za su so ta ba: ranar kare furojet, duk wanda ya ce ya gina manhaja mai rumbun bayanai, a zare masa filogi tana cikin aiki, a mayar, a ga abin da zai faru. Idan ta tashi da bayananta cif-cif, ya ci maki. Idan ta tashi da rabi, ko ta ƙi tashi, to da sauran aiki.

Mun saba kashe ƙarfinmu a kan fuskar manhaja: launi, tambari, wurin sa suna da lambar sirri. Amma ba a nan ake sanin gwani ba. A ƙasar nan, wanda ya gina abu bai yi tunanin ɗaukewar wuta ba kamar wanda ya yi gini ne a bakin gulbi ya manta akwai damina. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya samu matsala. A Satumban 2021 kuma an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda tsaro. Wannan shi ne yanayin da manhajojinmu za su yi aiki a ciki.

Ni ɗan Illela ne, bari in ba da misali da abin da na sani. A karar dabbobi ta garinmu, inda fatake ke zuwa daga Ƙonni da sauran sassan Nijar, babban dillali ba ya dogara da ƙwaƙwalwarsa kaɗai. Akwai littafin ciniki, akwai na bashi. A ce ya ba yaransa uku littafi uku, duk abin da aka rubuta a ɗaya a kwafa a sauran, don ko ɗaya ya ɓata a sami madadi. Wannan shi ne gungun rumbun bayanai: na'urori uku ko fiye, kowace tana riƙe da kwafin bayanai iri ɗaya. To amma ranar da hadari ya tarwatsa kasuwa ana tsakiyar rubutu, kowane yaro ya gudu da littafinsa, idan aka dawo wanne za a buɗe a ce shi ne na gaskiya? Wanda ya rubuta cinikin ƙarshe, ko wanda ya riga kowa dawowa? Amsar wannan tambaya tana cikin saitin tashi, wato 'yan layukan da na'ura ke karantawa kafin ta fara aiki.

Mu ɗauki Galera, wadda ke zuwa tare da MariaDB kyauta. Kowace na'ura tana da wani ɗan fayil mai suna grastate.dat. A ciki akwai lambar da ke nuna rubutu na ƙarshe da ta karɓa, akwai kuma layin safe_to_bootstrap. Idan an kashe na'urorin bi da bi cikin tsari, wadda aka kashe a ƙarshe ita ke samun 1 a wannan layin, da ita ake fara tayar da gungun. Idan kuwa wuta ce ta ɗauke gaba ɗaya, duka ukun za ka tarar da 0. Galera takan yi ƙoƙarin haɗa kanta idan dukkansu suka dawo, amma in ɗaya ta ƙi tashi, sai mutum ya sa hannu: ya bi su ɗaya bayan ɗaya da zaɓin wsrep-recover, ya ga wadda lambarta ta fi girma, ya fara da ita. Mai gaggawa da ya gyara 0 ya koma 1 a kan na'urar da ta fi kusa da shi, yana iya sa sauran su kwafi tsohon littafi a kan sabo. Cinikin da aka yi a ƙarshe ya tafi ke nan, kuma allo ba zai nuna masa ja ba.

Akwai wani tarkon. Layin wsrep_cluster_address shi ne ke ɗauke da adireshin sauran na'urori. Wasu kan bar shi fayau, gcomm:// kawai, saboda da haka aka fara gwaji. Duk lokacin da wannan na'ura ta sake tashi, sai ta ɗauka ita ce farkon sabon gungu. Ka ga an samu sarki biyu a gari ɗaya. A NDB Cluster na MySQL kuma akwai zaɓin initial, wanda ke share fayilolin na'ura ta fara daga babu. Ana buƙatarsa ranar farko. Wanda ya manta da shi cikin umarnin tashi na dukkan na'urorinsa, ranar da suka tashi tare zai tarar da rumbu wayam.

Sannan me ya sa ake cewa uku, ba biyu ba? Saboda gungu ba ya karɓar rubutu sai ɓangaren da ke da fiye da rabi. Ka ajiye ɗaya a Sakkwato ɗaya a Illela, layi ya yanke a tsakani, kowace tana da rabi daidai, duka biyun sai su tsaya. Da ta uku, ɓangaren da ke da biyu zai ci gaba, ɗayar ta jira.

Kada wani ya ce wannan matsalar ƙananan mutane ce. Ranar 21 ga Oktoban 2018 layi ya yanke na daƙiƙa 43 kacal tsakanin cibiyoyin GitHub a Amurka. Manhajar da ke zaɓar shugabar na'urorin MySQL ɗinsu ta mayar da shugabanci can gaɓar yamma, alhali akwai rubutun da bai riga ya isa can ba. Sai da suka yi sama da awa 24 kafin komai ya daidaita. Kamfani ne mai ƙwararrun injiniyoyi da wutar da ba ta ƙiftawa, ina ga mu?

Na san abin da za a ce. Na farko, wai yanzu kowa haya yake yi a wurin su Amazon da Google, su ke kula da wannan. Gaskiya ne suna rage wahala. Amma kuɗi ake biya, kuma sai da intanet ake kaiwa gare su. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna sun ji a jikinsu. Asibiti ko kantin magani da ke kan iyaka yana buƙatar na'urar da ke cikin ɗakinsa, da kuma wanda ya san yadda ake tayar da ita. Na biyu, wai ba mu da kwamfuta uku. Ai ba sai da su ba. VirtualBox kyauta ce, za ka iya buɗe na'urori uku na gwaji cikin laftof ɗaya, ka kashe su da ƙarfi yadda ka ga dama. Na uku, wai ya fi ƙarfin ɗan difloma. Wallahi bai kai wuyar lissafin da muka haddace don jarrabawa ba. Layukan ba su da yawa, fahimtarsu ce aikin.

Don haka ga roƙona. Malamanmu su ware minti goma a ranar kare furojet don gwajin filogi. Kowane ɗalibi ya haɗa da takarda shafi ɗaya: in wuta ta dawo, wace na'ura ake fara kunnawa, me ake dubawa, ina kwafin ajiya yake, kuma yaushe aka gwada dawo da shi. Ƙungiyar ɗalibai kuma ta nemo mana ɗaki da janareta ranar Asabar ɗaya, 'yan babbar difloma su zauna da mu mu kashe, mu tayar, har hannu ya saba.

Nan da 'yan watanni za mu watse neman wurin aikin koyon sana'a na shekara guda. Duk inda aka ɗauke mu, wata rana za a ɗauke wuta, inji ya ƙi tashi, batir ya ƙare. Idan ta dawo, maigida zai waiwayo ya dubi wanda ya ce ya karanta kwamfuta. Gara mu ji kunyar a gaban malamanmu, inda abin da za a rasa maki ne, da mu ji ta a inda abin da za a rasa kuɗin mutane ne ko takardun marasa lafiya.