Agogon hannu ba ya bambance barci da kwanciya shiru

Agogunan zamani irin su Fitbit da Apple Watch sun fara yawa a hannun ma'aikatan tarayya da hadiman manyan jami'ai a Abuja, kuma kowace safiya suna sanar da mai su yawan sa'o'in da ya yi yana barci. Ga mai lafiyayyen barci, wannan lissafi yakan zo kusa da gaskiya. Ga mai fama da rashin barci kuwa, ya kamata a karɓe shi da taka-tsantsan.

Dalilin yana cikin yadda na'urar ke aiki. Motsin tsintsiyar hannu take aunawa. Idan motsi ya ɗauke na wani lokaci, sai ta rubuta barci. Sababbin agogunan suna haɗawa da bugun zuciya, amma ba sa duba ƙwaƙwalwa, alhali a asibiti ana tantance barci ne ta hanyar auna aikin ƙwaƙwalwa da motsin idanu da tsoka da numfashi. Mai rashin barci kan kwanta lamo, ido biyu, yana jiran barcin da ya ƙi zuwa, agogon kuma yana ƙirga masa wannan jira a matsayin barci. Wani bincike da mujallar Sleep ta buga a 2013 ya nuna cewa ma'aunin motsi na gane barci da kusan kashi 96 cikin 100, amma farkawa da kusan kashi 33 kacal.

Illar wannan kuskure iri biyu ce. Ma'aikacin da ke barin Mararaba ko Suleja da asuba don isa ofis ƙarfe 8, ko hadimin da taro ke riƙewa har tsakar dare, na iya ganin sa'o'i 7 a agogo ya fasa zuwa asibiti, alhali yana gyangyaɗi a kan sitiyari. Wani kuma damuwa da lambobin ce ke ƙara hana shi runtsawa, matsalar da masana a Amurka suka bayyana a 2017. A 2018 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fito fili ta ce ba za a dogara da irin waɗannan na'urori wajen gano ciwo ko yi masa magani ba, muddin ba a tabbatar da ingancinsu ba.

Agogon na da amfaninsa: yana nuna lokutan kwanciya da tashi cikin makonni, kuma masu wannan matsala sukan ɗauka barcinsu bai kai yadda ya kai ba. Sai dai jiki magayi. Wanda barci ke gagara aƙalla dare 3 a mako har tsawon wata 3, kuma abin ya shafi aikinsa da rana, likita ya kamata ya gani, riƙe da rubutaccen bayanin barcinsa na mako 2. Maganin farko da likitoci ke ba da shawara shi ne horon gyara ɗabi'u da tunanin da ke hana barci, kafin a kai ga ƙwaya. Wajibi ne asibitocin ma'aikata su tanadi wannan hidima, ma'aikata kuma su guji sayen ƙwayar barci ba da takardar likita ba.