Raddi ga Masu Auna Shugaba da Siffa da Jinsi

A ma'aikatu da yawa ana riƙe da ra'ayin cewa kujerar shugabanci ta fi dacewa da namiji dogo, mai kaurin murya, wanda shigowarsa ke sa kowa ya nutsu. Hujjoji uku masu wannan ra'ayi ke dogara da su.

Ta farko, wai kwarjini shaida ce ta iya aiki. Abin da aka tabbatar shi ne kwarjini yana sa a zaɓi mutum, ba ya nuna zai iya. A 2005 Alexander Todorov na Jami'ar Princeton ya nuna wa mutane hotunan 'yan takarar majalisar dattawan Amurka na daƙiƙa ɗaya kacal. Waɗanda fuskarsu ta fi kama da ta ƙwararru su suka ci kusan kashi 70 cikin ɗari na zaɓukan, alhali masu kallon ba su san aikin ko ɗaya ba.

Ta biyu, wai cancanta kaɗai ake dubawa, maza ne suka fi ta. Binciken Corinne Moss-Racusin na Jami'ar Yale a 2012 ya rushe wannan. An aika wa malaman kimiyya 127 takardar neman aikin manajan ɗakin gwaje-gwaje iri ɗaya sak, sai dai wasu an rubuta John, wasu Jennifer. An ga John ya fi ƙwarewa, aka yanka masa albashin dala 30,238, ita kuwa 26,508. Abin takaici, malamai mata ma haka suka yi hukunci.

Ta uku, wai ma'aikata ba sa bin mace, don haka a ba namiji. Wannan mayar da cuta magani ne, domin ƙin biyayyar shi kansa ne laifin da ya kamata a gyara. Namiji ya tsawata a ce mai tsare gida ne, mace ta yi haka a kira ta masifaffiya, ta sassauta kuma a ce ba ta da ƙarfi. Misali, Ngozi Okonjo-Iweala ta yi shekara 25 a Bankin Duniya, ta riƙe ma'aikatar kuɗin Najeriya sau biyu, ta jagoranci tattaunawar yafe wa ƙasar bashin dala biliyan 18 a 2005. Duk da haka, da aka naɗa ta shugabar Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a Fabrairun 2021, wasu jaridun Suwizalan da "kaka" suka kira ta a kanun labari, sai daga baya suka nemi afuwa. A Nuwamban 2024 ƙasashen ƙungiyar suka amince da ita karo na biyu, ba abokin hamayya.