Tuta Rawaya Sallama Ce

Idan jirgin ruwan shaƙatawa ya isa tashar baƙuwar ƙasa, ƙa'idar teku ita ce ya ɗaga tuta rawaya, alamar babu cuta a cikinsa, yana neman iznin shiga. Galibi kyaftin kaɗai ke sauka, ya miƙa fasfo da takardun jirgi ga jami'an kwastan da na shige da fice, saura kuwa su dakata. Wasu attajirai na ɗaukar wannan wulaƙanci. Ni ban yarda ba. A 1377 birnin Ragusa, wato Dubrovnik ta yau, kwana 30 yake tsare masu zuwa daga garuruwan annoba. Ina wahalar jiran 'yan sa'o'i? Dukiya ba ta ɗauke wa baƙo sallama, mai gida ke cewa a shigo.